Muryar Da Na'ura Ta Gyara: Ado Ne Ko Algus?

A shekarar 1971 ne kamfanin Lexicon na ƙasar Amurka ya fitar da wata na'ura mai riƙe sauti ta jinkirta shi na ɗan ƙanƙanen lokaci, sa'an nan ta sake shi. Amfaninta a fili yake. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, saboda haka a babban zaure, in ba a jinkirta lasifikar baya ba, sai na ƙarshen sahu ya ji kalma ɗaya sau biyu. Wannan gyara ne, babu mai jayayya.

A 1975 kuwa kamfanin Eventide na birnin New York ya zo da wata mai suna H910, wadda ke ɗaga murya ko ta saukar da ita ba tare da ta taɓa saurin magana ba. Cikin waɗanda suka fara sayenta har da wani gidan talabijin na birnin. Sukan ƙara wa tsohon wasan kwaikwayo sauri domin a sami filin cusa talla, sa'an nan na'urar ta mayar da muryoyin 'yan wasan daidai, yadda mai kallo ba zai farga ba.

To, a nan ne magana take. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura hannunsa cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa, ya ji danshi a ƙasa. Ruwan sama ne ya taɓa shi, watau ba laifin mai kaya ba ne. Abin da aka zarge shi da shi, rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mai saye zai gani.

Bugun gangar da aka sauya wa amo da H910 a faifan David Bowie na 1977, kowane kunne ya san aikin na'ura ne. Hukuncin kiɗan kansa wani babi ne dabam, amma dai ba a ɓoye wa kowa kome ba.

Mai wuyar ita ce gyaran da ba a ji. Tun da Auto-Tune ta fito a 1997, ana iya daidaita muryar da ta kauce har ba a gane wurin ɗinkin. Idan aka yi wa karatun Alƙur'ani haka, aka kuma sayar da sunan makarancin, mai saye ya biya kuɗin muryar da babu maƙogwaron da ya fitar da ita. Wanda ya fi cutuwa ma shi ne ɗalibin da ke kwaikwayo. Yana ta wahalar da maƙoshinsa dare da rana, ya kasa kamo ta, har ya ɗauka shi ne Allah bai ba baiwa ba.