Ba Kowace Inuwa Ce Shirwa Ba

Ɗana, ka ce 'ya'yan agwagwarka uku sun ɓace cikin mako guda, kuma ka ga wasu manyan tsuntsaye suna shawagi a saman unguwarku a Batagarawa, har ka fara neman danƙo da guba. Ajiye su tukuna, ka ɗaga kai mu duba tare.

Fara da wutsiya. In ka ga tsuntsu mai launin ƙasa-ƙasa, wutsiyarsa da ɗan tsagi a tsakiya, yana murɗa ta dama da hagu yana lilo ba tare da yawan kaɗa fiffike ba, to shirwa ce. Ita ce ɓarauniyar da ka fi zargi, kuma ba a banza Bahaushe ya ce kaza mai 'ya'ya ke tsoron shirwa ba. Amma ka san iyakarta. Nauyinta da ƙyar yake kai kilo 1, alhali toron agwagwa irin namu na gida yakan haura kilo 3. Ba ta iya ɗaga shi, ba ta ma gwadawa. Ɗan da bai yi wata guda da ƙyanƙyasa ba take hari, wanda ya ratse daga bayan uwarsa yana tsakiyar fili.

Shaho daban ne. Ya fi ta ƙanƙanta, fikafikansa masu tsini, kuma ba ya tsayawa ka ƙare masa kallo. Sai dai ka ji kaji sun ɗauki kururuwa, kafin ka fito ya wuce katanga. Hankaka kuwa kowa ya san farin ƙirjinsa, amma kaɗan ke zarginsa, ga shi gwanin fasa ƙwai. Agwagwa takan yi kwana 35 tana kwanci, ka ga kuwa yana da isasshen lokacin gano maɓoyarta.

Yanzu ga waɗanda nake roƙar maka alfarma a kansu. Tsuntsun da ka gani wuya miƙe, ƙafafu miƙe a baya, baƙin baya da farin ciki, shamuwa ce, mai zuwa da albishir ɗin damina. Fāra da tsutsa ne abincinta, manomi take yi wa aiki. Mai faffaɗan fiffike da guntuwar wutsiya da ɗan ƙaramin kai, yana can ƙololuwa yana zagaye, ungulu ce. Ƙafarta ba ta kamu ba ce, mushe take jira. Muna yara ba a rasa su a bakin mayanka da kan kukoki. Yau yaro zai girma a Katsina bai ga ko ɗaya ba. Guba da masu sayen kanta don tsubbu sun cinye ta, har a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Naman da za ka barbaɗa wa guba don shirwa, ungulu zai fara kashewa, ko karen maƙwabcinka, ko agwagin naka da kansu, tunda ba abin da ba sa tsattsaga.

Zalɓe ne kaɗai cikin masu dogon wuya zan ce ka sa wa ido, in kana sakin agwagi bakin ruwa irin na wajen dam ɗin Ajiwa. Shi wuyansa a naɗe yake in yana tashi, kuma yakan haɗiye ɗan agwagwa kamar yadda yake haɗiye kwaɗo.

Maganin duka ba shi da tsada. Makonni shida na farko ka kife 'ya'yan da babban kwando, ko ka ɗaura tsohon gidan sauro a kan turaku huɗu. Ruwa da dusa ka ajiye su ƙarƙashin darbejiya ko rumfa, domin shirwa ba ta son kawo sura inda reshe zai tare mata fiffike.

Sannan ka faɗa mini gaskiya: da rana ka ƙirga su suka ragu, ko da safe? In da safe ne, bar kallon sama, shirwa ba ta farautar dare. Je ka duba bayan akurki, ko akwai ramin gafiya ko sawun muzuru.