Bimbinin Safiya: Hatimi a Kan Hatimi

Karatu: Nehemiya 2:1-9

Wanda ya samu gurbin karatu a Jamus, ko aikin jinya a Saudiyya, murnarsa ba ta kwana biyu sai zirga-zirgar takardu ta taso. Shaidar digirin da aka sha wuya shekara huɗu kafin a samu, da zarar ta ƙetare iyakar Najeriya ba mai kallonta sai an tantance ta. A kai ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja su buga hatimi, a wuce Ma'aikatar Harkokin Waje su buga nasu, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je ya ɗora nasa. Takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, takardar aure, takardar 'yan sanda mai shaida ba ka da laifi, kowacce da nata layin. Ƙasashe fiye da 120 sun shiga yarjejeniyar Hague ta 1961, wadda ta sa hatimi guda ya wadatar a tsakaninsu. Najeriya ba ta ciki, shi ya sa hanyarmu ta fi tsawo.

Nehemiya ma ya nemi takardun tafiya. Mai shayar da Sarki Artashate na Farisa ne, a shekara ta 20 ta sarautarsa, wajen 445 kafin haihuwar Almasihu. Da sarki ya tambaye shi abin da yake bukata, sai da ya yi addu'a a zuci kafin ya buɗe baki. Bayan an ba shi izinin zuwa gina Urushalima, bai ce tunda Allah ya buɗe ƙofa shi ke nan ba. Ya roƙi wasiƙu zuwa ga masu mulkin lardunan hayin Kogin Yufiretis domin su bar shi ya wuce, da wata zuwa ga Asaf mai tsaron kurmin sarki domin katako. Ya karɓi takardun, har da rakiyar mahayan dawakai, ya kuma ce alherin Allah ne ya sa aka ba shi. Ezra kuwa, shekaru 13 kafin nan, kunya ta hana shi roƙon rakiyar sojoji, ya yi azumi ya kama hanya. Littafi Mai Tsarki bai tsauta wa ko ɗayansu ba. Saboda haka, ɗan'uwa, tsayawarka a layi da fayil a hammata ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

Amma ka lura da abin da hatimin yake shaidawa. Jami'in Harkokin Waje bai zauna aji ɗaya da kai ba, bai kuma halarci bikin sunanka ba. Abin da yake tabbatarwa kawai shi ne, sa hannun da ke ƙasan takardar na jami'in da ke da ikon sa hannu ne. Na ofishin jakadanci shi ma hannun wancan yake shaidawa. Hannu ke shaidar hannu, har a dawo kan hannu na farko, wanda sau da yawa naka ne. Kai ka tsaya a kotu ka yi rantsuwar shekarun haihuwa. Kai ka san ko ka zaftare uku domin tallafin karatun yana da iyakar shekaru. Idan ƙarya ta shiga tun daga nan, ko hatimi goma aka jera mata, ba ta tashi daga ƙarya ba. Ado kawai ta samu.

Nan ne gwajin yake, kuma ba ya zuwa da ƙaho. Yana zuwa da murmushi a bakin ƙofar ofis, ya ce, "Yallaɓai, kawo na gama maka yau, ko sakamakon bai cika ba akwai yadda ake yi." Ga ranar rufe karɓar takardu ta matso, ga kuɗin masauki yana ƙarewa, ga mutanen gida sun sayar da gona. Ban raina nauyin wannan ba. Sai dai Bulus ya tuna wa Afisawa cewa an riga an hatimce masu bi da Ruhu Mai Tsarki, kuma mai wannan hatimin ba sa hannun wani yake dubawa ba, zuciyar yake karantawa. Kafin ka fita yau, buɗe fayil ɗin nan a gabansa, shafi bayan shafi. In akwai kwanan watan da za ka so ka rufe da yatsa, gyara shi, ko da zai ja maka jiran wata shekara.

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu tagomashi a gaban masu sa hannu, kamar yadda ka ba bawanka Nehemiya. Ka ba ma'aikatan nan ƙarfi da adalci, su ma suna da iyalin da ke jiransu. Ka tsare takardunmu daga ɓata a hanya, ka tsare bakinmu a wurin rantsuwa. Ka tuna da waɗanda aka mayar wa takardunsu jiya, za su sake komawa da safen nan. A cikin sunan Yesu, Amin.