Hanya Takan Canza, Amana Ba Ta Canzawa



Kakanninmu fatake da jakuna suke zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni. Da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, sai ciniki ya juyo nan kudu: goron ƙasar Yarabawa yana hawa Arewa, shanu suna gangarowa. Abin da ya zaunar da mu Sabo ke nan. A lokacin, da kalmar baki kawai ake ba da shanu bashi, kuma a biya.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Wallahi duk muna jin jiki. Amma wasunmu sun fara ɓoye buhuna, wasu na tauye mudu, wasu sun ci bashi sun kashe waya.

Annabi Yusuf (AS) ya tara hatsin Masar shekara 7 don ya ciyar da jama'a lokacin fari, ba don farashi ya tashi ba. Mu ji tsoron Allah. Duk mai bashi a wuyansa ya nemi mai kaya kafin Juma'a mai zuwa, ko rabi ne ya kai.

Allah Ya shiryi shugabanninmu, Ya sa wa kasuwarmu albarka. Amin.