Yaushe Ne Ganiyar Mutum Take Wucewa?

Karatu: Joshuwa 14:6-15, 2 Sama'ila 19:31-40

'Yan'uwa cikin Kristi, akwai wata magana da mukan ji a bakin ƙofar majami'a bayan an tashi sujada. In an ambaci wani dattijo domin wani aiki, sai wani ya ce, "Ai Baba ya ci zamaninsa." Wani lokaci dattijon ne da kansa yakan ce, "Ku bar ni, tawa ta ƙare." Ya kamata mu auna maganan nan, gama ta sa ekklesiyai da yawa sun yi hasarar ma'aikata, ta kuma sa tsofaffi da yawa suna zaune da baƙin ciki a zaure.

Kowa da irin nasa lissafi. Gwamnatin Nijeriya takan sallami yawancin ma'aikatanta in sun kai shekara 60, ko kuwa in sun cika shekara 35 a bakin aiki. Ɗan dambe, tun bai kai 40 ba yara sun fara ka da shi. Manomi ba ya duban takardar haihuwa, galma ce take gaya masa. Mace kuwa, da furfura ta fito sai a fara ce mata tsohuwa, ko da ita ce take riƙe da gidan duka.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana cewa jiki yana raguwa ba. Cikin Littafin Lissafi sura 8, Ubangiji ya umarta Lawiyawa su shiga hidimar alfarwa suna da shekara 25, su sauka daga aiki mai nauyi suna da 50. Amma ba a kore su ba. An ce su ci gaba da taimakon 'yan'uwansu wajen tsaro. Kaya aka sauke musu daga kafaɗa, hidima kuwa tana nan.

Bari mu dubi tsofaffi biyu. Na fari Kalibu ne. Yana da shekara 40 sa'ad da Musa ya aike shi leƙen asirin ƙasar Kan'ana. Cikin mutum 12 da suka tafi, shi da Joshuwa kaɗai suka komo da bangaskiya. Ya yi jira shekara 45, tsararrakinsa suka mutu cikin jeji. Da ya kai 85 ya zo wurin Joshuwa, bai roƙi fadama mai sauƙin noma ba, ya roƙi ƙasar tuddai inda Anakawa ƙattai suke da birane masu ganuwa. Aka ba shi Hebron, ya kuwa ci ta.

Na biyu Barzilai ne, mutumin Gileyad, attajiri mai shekara 80. Shi ne ya ciyar da Sarki Dawuda a Mahanayim lokacin da yake gudun ɗansa Absalom. Da tawaye ya ƙare, sarki ya ce ya zo Urushalima ya zauna tare da shi. Tsohon ya ƙi. Ya faɗi gaskiya a kan kansa, cewa ba ya jin daɗin abinci kamar dā, kunnensa kuma ba ya jin muryar mawaƙa. Ya roƙa a bar shi ya koma garinsu ya mutu kusa da kabarin iyayensa, ya ba da Kimham ya tafi a madadinsa.

To, wanne ne ya yi daidai? Dukansu biyu. Kalibu yana da ƙarfi, bai ɓuya a bayan shekarunsa ba. Barzilai ƙarfinsa ya tafi, bai manne wa kujerar fada ba, ya tura yaro gaba. Kowannensu ya ba Allah abin da yake hannunsa a ranan nan. Ba mu iya cewa ko ɗayansu ya wuce amfani.

Akwai kuma na uku, wanda labarinsa abin tsoro ne. Sulemanu ya gina Haikali, sarauniyar Sheba ta yi tafiya mai nisa domin ta ji hikimarsa. Amma 1 Sarakuna sura 11 ta gaya mana cewa da ya tsufa matansa suka juya zuciyarsa ga gumaka. Rawani yana kansa, zinariya tana taska, duk da haka ganiyarsa ta riga ta wuce. Wannan ita ce amsar tambayarmu. Mutum ya wuce ganiyarsa ran da zuciyarsa ta daina bin Ubangiji. Abin nan yana iya samun mai shekara 30, yana kuwa iya ƙetare mai shekara 90.

Mu manoma mun san wannan. Cikin marka dawa takan yi kore shar, ta fi kowane lokaci kyan gani, amma ba mai yankanta. Sai da kaka, sa'ad da ganye ya bushe, zangarniya ta yi nauyi ta sunkuya, sa'an nan mai gona yake murna. Mu tuna kuma Likita Mila na Zariya yana da shekara 60 lokacin da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da ya sha wahalarsa shekaru da yawa. Da ya ce tasa ta ƙare tun yana da 50, da iyayenmu sun ƙara jira.

Saboda haka muna roƙonku, samari da 'yan mata, kada ku mai da tsofaffin ekklesiya kayan ado na bencin gaba. Da tsohuwar zuma ake magani. In aure ya rikice, ko rigimar gona ta shiga tsakanin masu bi, ku nemi wanda ya ga irinta sau goma. Ku kai ma tsohuwar da ba ta iya fita labarin taro, ku ba ta sunayen marasa lafiya ta yi musu addu'a.

Ku kuma iyayenmu, muna da magana biyu gare ku, cikin ladabi. Idan Allah ya bar muku ƙarfi, ku tashi kamar Kalibu, akwai ƙauyukan da ba su da mai wa'azi. Idan ƙarfi ya tafi, ku saki littafin baitulmali da kujerar shugabanci da farin ciki, tun ba a fara gunaguni ba. Kowane ɗayanku ya tambayi kansa, wane ne Kimham nawa? Wa na koya wa aikin nan?

Dukanmu kuwa, yaro da babba, mu binciki zuciyarmu yau. Yaushe rabonmu da buɗe Littafi a gida? Yaushe rabonmu da tuba a kan wani zunubi? Wanda ya ga ya yi sanyi, ƙofa tana buɗe, gama Yesu ya karɓi ɓarawo a kan gicciye cikin sa'arsa ta ƙarshe.

Ubangiji ya kiyaye mu cikin aminci har ranar girbi. Amin.