Ragin Da Ya Koma Kuɗin Ruwa

A ƙaddara wani ɗan kwangila a Tudun Wada ta Nassarawa, cikin Kano, ya kai kaya aka ba shi cek na Naira miliyan ɗaya, amma ba za a biya ba sai bayan kwana 91. Ga leburori suna jiran haƙƙinsu. Sai maƙwabcinsa mai hali ya jawo na'urar lissafi, ya buga kashi 20 cikin ɗari a shekara, ya ce, "Alhaji, kawo takardar, ga N950,137 yanzu." Aka rabu kowa na murna. Ba wanda ya ambaci rance, balle kuɗin ruwa. Ragi aka yi, shi kuwa ragi a kasuwa alheri ne.

To, amma a dubi al'amarin ta wajen mai sayen. Ya ba da kuɗi yau domin ya karɓi waɗanda suka fi su nan gaba, bai ɗauki ko buhu ɗaya ba. Watau N49,863 ɗin nan ladan jira ne kurum. In ma aka auna shi da abin da ya fita daga aljihunsa, kashi 21 ne, ba 20 ba. Da irin wannan lissafi ne Babban Bankin Nijeriya yake sayar da takardun Baitulmali na kwana 91, 182 da 364.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda cikin 1992, ta hana wannan ciniki. Sai dai ta halatta mai bin bashi ya rage wa wanda yake bi domin ya biya da wuri, muddin ba a sharɗanta tun farko ba, kuma babu mutum na uku a tsakani. Malaman Malikiyya ko wannan ba su yarda da shi ba. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya sani.

Ita na'urar ba ta da laifi. Da ita ɗan kasuwar Dawanau yake fitar da matsakaicin farashin masara na mako huɗu, kowane mako ya cire mafi daɗewa ya shigar da sabo, don ya gane lokacin saye. Can akwai hatsi a ƙasa, akwai kuma yiwuwar faɗuwa. Shi maƙwabcin nan, in taimako ya nufa, yana iya ba da rance ba ƙari, ko ya zuba jari a kwangila ta gaba bisa ƙirali, su raba riba, asara kuwa ta hau dukiyarsa.