Haƙƙin Mai Wa'azi a Dandalin Jama'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Lambun shan iska wanda hukuma ta gina da kuɗin haraji mallakar kowa ne. To, idan mabiya wani addini suka taru a irin wannan wuri domin yin wa'azi ko nuna rashin yardarsu da wani al'amari, wane ne ke da ikon hana su? In kuwa doka ta ƙyale su, shi ke nan sai su faɗi duk abin da ya zo bakinsu?

A shekarar 1949, a wani ƙaramin gari mai suna Havre de Grace a jihar Maryland ta Amurka, mabiya ɗariƙar Shaidun Jehobah suka nemi izinin yin jawabai a kan Baibul a lambun garin. Majalisar garin ta zauna da su, sai ta shiga yi musu tambayoyi a kan aƙidarsu, da dalilin da ya sa ba sa sara wa tutar ƙasa. Daga ƙarshe ta hana su, alhali kuwa an saba ba wasu ƙungiyoyi wannan fili. Suka yi taronsu duk da haka, aka kama mai jawabinsu, Daniel Niemotko, aka ci shi tara. A 1951 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin ba tare da wani alƙali ya saɓa ba, bisa hujjar cewa ma'aikacin hukuma ba shi da ikon zaɓen addinin da za a ji muryarsa a filin jama'a.

Wannan hukunci adalci ne, kuma duk mai addini yana da rabo a cikinsa. Ikon da aka ba ma'aikaci yau ya rufe bakin wanda ba ya so, shi ne gobe zai faɗa hannun wani ya rufe bakin Musulmi. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A Landan ma, malaman Musulunci da ke tsayawa ran Lahadi a kusurwar masu jawabi ta lambun Hyde Park suna cin gajiyar 'yancin da aka amince da shi a wurin tun 1872, wanda bai ware kowa ba. Abin da ya halatta ga hukuma shi ne tsara lokaci da wuri da ƙarar lasifika, da hana tunzura mutane su yi ɓarna, muddin ƙa'idar ta hau kan kowa daidai.

Sai dai akwai inda al'amarin ke da ɗaci. A 2012, a garin Dearborn na jihar Mishigan, inda Musulmi ke da yawa, wasu masu wa'azin Kirista suka shiga bikin Larabawa da ake yi a titi ɗauke da kan alade a tsire bisa sanda, da alluna masu ɓatanci ga Musulunci. Wasu matasa suka jefe su, 'yan sanda kuma suka umarci masu wa'azin su fice. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta ce an tauye musu haƙƙi, domin aikin 'yan sanda shi ne tsawata wa masu jifa. Ke nan a gaban doka masu tsokanar sun yi nasara, masu jifa kuma sun ba su abin da suka zo nema.

A nan ne iyakar doka ke bayyana. Kotu tana iya buɗe wa mutum ƙofar lambu, amma ba ta iya tsare masa harshensa. Musulunci ya ɗora wannan nauyi a kan mai magana. A cikin Suratul An'am an hana Musulmi zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah bisa jahilci. Haka kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri cewa da sahabbai suka nuna ba su da makawa sai sun zauna a bakin hanya, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su da su ba hanya haƙƙinta. A cikin haƙƙoƙin nan ya haɗa kame cutarwa tare da horo da alheri da hani ga mummuna. Ashe faɗar gaskiya a bainar jama'a da kiyaye mutuncin masu wucewa tafe suke tare.

Saboda haka mai neman a saurare shi a dandali wajibi ne ya yarda a saurari abokin saɓaninsa, ya kuma auna kalmarsa kafin ta fita, domin magana zarar bunu ce. Wanda aka tsokana kuwa, hujja da haƙuri sun fi masa dutse.

Allah Ya shiryar da bayinSa zuwa ga kyakkyawar magana, amin.