Wane Taimako Ne Ke Ɓata Nasara?

A kudancin ƙasar Faransa, cikin jerin duwatsun Pirenis da suka raba ta da Sifaniya, akwai wata hanya da ake kira Tourmalet. Tsayinta ya kai mita 2,115 daga doron teku. Tun shekarar 1910 masu tseren keke na gasar kewaya Faransa suke hawanta, yau kuma duk lokacin zafi dubban mutane ke zuwa da kekunansu don shaƙatawa kawai. A kan wannan hanya aka yi wani abu da ya kamata mu tsaya mu yi tunani a kansa.

A gasar 1913, wani ɗan tsere mai suna Eugène Christophe yana gangarowa daga Tourmalet sai ƙarfen da ke riƙe da tayar gaban kekensa ya karye. Dokar wancan zamani ta ce duk abin da ya sami keken mutum, shi kaɗai zai gyara, ba mai sa masa hannu. Sai ya saɓa keken a kafaɗa, ya taka wajen kilomita 10 zuwa wata maƙera a ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan. Nan ya shafe sa'o'i yana dukan ƙarfe, alƙalan gasa suna tsaye suna kallo. Da yake hannuwansa biyu duk suna aiki, wani yaro ya yi masa zuga. Saboda wannan zugar alƙalai suka ci shi tarar minti 10.

To, tambayarmu ita ce: shin yaron nan ya rage wa Christophe darajar wahalarsa?

Kada mu yi saurin la'antar alƙalan. Suna da hujja. Abin da ya sa hawan dutse da keke yake da ma'ana shi ne, mota za ta iya kai mutum can cikin ɗan lokaci, amma ya ƙi, ya zaɓi ƙafarsa da numfashinsa. In aka bar ƙofar taimako a buɗe, yau zuga ce, gobe turi, jibi kuma a ɗauki mutum a bayan mota. Doka ba ta iya auna zuciya, don haka sai ta ja layi.

Amma kuma mu dubi abin da ya biyo baya. Masu shirya gasar da kansu sun sassauta. A 1937 suka yarda da keke mai canjin giya. Yau kowane gwani yana da ƙungiya: akwai masu ɗauko masa ruwa, akwai masu shiga gabansa su tare masa iska, ga motar makanikai a baya ɗauke da wasu kekuna. Duk da haka ba wanda ke cewa nasararsa ta jabu ce. Ashe gaskiyar masu iya magana da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuwa taimakon da kowa ya yi tir da shi. A 1967 ɗan Ingila Tom Simpson ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux, aka sami ƙwayoyin ƙara kuzari a jikinsa. A 2012 aka ƙwace wa Lance Armstrong ɗan Amurka kambi bakwai da ya ci daga 1999 zuwa 2005, saboda shan irin waɗannan magunguna. A 2016, a wata gasar duniya a Beljiyam, aka gano ƙaramin inji ɓoye cikin wani keke.

Me ya bambanta waɗannan da zugar yaro? A ganinmu abu biyu ne. Na farko, yaron bai taka feda ko sau ɗaya ba, Christophe ne ya ƙarasa tafiyarsa da ƙafarsa, alhali ƙwaya da inji su suke yin aikin da aka ce mutum ya yi. Na biyu, zugar a bainar jama'a aka yi ta, su kuwa waɗancan a ɓoye. Shi ya sa dattijon da ya hau Tourmalet yau da keke mai batir, yana shan iskarsa yana kallon tumaki a makiyaya, bai cuci kowa ba, don bai ce wa kowa da ƙarfinsa ya hau ba. Ranar da ya ɓoye batirin ya karɓi yabo, ranar ya zama ɓarawo, ko da babu gasa babu kyauta.

Wannan ma'auni ya wuce batun keke. Malamin da ya zauna da ɗalibi har ya fahimci darasi, zuga ya yi masa. Wanda ya miƙa masa amsa a zauren jarrabawa kuwa, inji ya ɗaura masa. Sau da yawa mukan rikita su, mu ji kunyar neman taimako na halal, sa'an nan mu karɓi na ɓoye ba kunya.

Christophe bai taɓa cin gasar kewaya Faransa ba. Amma a 1919 shi ne mutum na farko da ya sa rigar nan rawaya ta jagoran gasa, kuma har yau masu hawan Tourmalet sukan tsaya a ƙauyen nan su ga inda maƙerar take. Saboda haka, duk taimakon da aka miƙo mana, kafin mu karɓa mu tambayi kanmu: za mu iya faɗinsa gaban jama'a, kuma bayan mun faɗa aikin yana nan namu?